Tarin Bolum Ba Mutuwar Rediyo Ba Ne

Idan hunturu ya sauka a Tamale, daga Disamba zuwa Fabrairu, ba leɓe da diddige kaɗai ke tsagewa ba. Ƙurar da iska ke kwasowa daga hamada tana shiga kowace kafa, kuma masu gyaran rediyo sun san cewa a wannan lokaci ne ake kawo musu akwatuna masu ciwo iri ɗaya. Da an murɗa abin ƙara murya, wanda kowa ke kira bolum, sai a ji ƙaras-ƙaras kamar ana taka busasshen ganye, ko murya ta ɗauke ta dawo, ko kuma ta fashe gaba ɗaya har maƙwabta su leƙo. Ƙananan rediyon hannu ba su ne damuwarmu a yau ba. Damuwarmu ita ce manyan akwatunan nan na katako, masu rediyo a gefe guda da garmaho a ɗaya gefen, waɗanda ake kira rediyogiram, da har yanzu ake samun ragowarsu a ɗakunan dattawa a Zangon Hausawa da Aboabo da Sabonjida da Lamashegu, har da nan Dungu inda muke.

Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne, akwatunan nan suna ƙarewa a hannun masu sayen kwandam, kuma mafi yawansu ba wani babban ciwo ne ya kashe su ba. Bolum ne ya fara tari, aka kai wa wani yaro ya ɗiga masa kananzir, ya yi shiru kwana biyu ya dawo fiye da da, sai aka tura akwatin lungu aka mai da shi teburin jera kwanuka. Ranar da mai gida ya rasu aka zo rabon gado, babu mai son kaya mai nauyi da ba ya magana, sai a kira yaran nan masu tura baro suna kiran kwandam, waɗanda a Nijeriya ake ce wa 'yan jari-bola. Su kuwa ba sauraro suke yi ba, awo suke yi. Su fasa taransifoma su zare jan ƙarfen ciki, su cire maganaɗisun lasifika, katako ya tafi murhu, faya-fayen garmaho kuma yara su yi ta wasa da su a tsakar gida har su farfashe. Ba ma ganin laifinsu, abinci suke nema, kuma da yawansu 'ya'yanmu ne na Arewa da suka koyi sana'ar a Agbogbloshie ta Accra kafin hukuma ta rushe wurin a watan Yulin 2021. Laifin yana can baya, tun ranar da bolum ya fara tari aka rasa mai duba shi da ilimi, aka kuma rasa kayan gyaransa a kasuwa. Wannan na biyun kuwa, 'yan'uwa 'yan kasuwa, a hannunku yake.

Ya kamata matasa su san abin da ake ɗorawa a sikeli. An buɗe gidan rediyo na farko a ƙasar nan ranar 31 ga Yulin 1935 a Accra, mai suna ZOY, a zamanin Gwamna Arnold Hodson. Ta waya ake kai shirye-shirye cikin wani ɗan akwati da ake ratayewa a bango, wanda ba ya kama kowace tasha sai wadda aka ba shi. Akwati mai kamo tashoshin duniya kuwa sai wane da wane. Da BBC ta buɗe sashen Hausa ranar 13 ga Maris 1957, mako guda bayan Gana ta sami 'yancin kai, Rediyon Kaduna ta biyo a 1962, ta Jamus kuma a 1963, sai ya zamana fataken goro da na shanu da ke zaune a zango-zangon ƙasar nan suna jin labarin gida da harshensu ta gajeren zango. Wanda Allah ya hore wa, kuma gidansa ke da lantarki, shi ne zai sauka Kumasi ko Accra ya shiga kantunan Turawa irin su Kingsway da UTC ya ɗauko Grundig ko Philips ko Telefunken ko Pye ko Bush. Talaka ya jira Akasanoma, rediyon da aka riƙa haɗawa a Tema tun shekarun 1960, wanda sunansa a harshen Tuwi ke nufin tsuntsu mai magana.

Akwatunan sun sha sauya hannu. Lokacin da gwamnatin Busia ta fitar da dokar korar baƙi a watan Nuwamban 1969, 'yan kasuwa Hausawa da Yarabawa da Zabarmawa da yawa sun bar ƙasar cikin gaggawa, kuma babu mai ɗora akwatin katako a kai zuwa iyaka, sai dai a sayar da arha ko a bar wa maƙwabci amana. Daga baya kaset ya zo ya ture garmaho, musamman da 'yan Gana suka dawo daga Nijeriya a 1983 da rakodoji a kafaɗa. Saboda haka duk rediyogiram ɗin da ya kai yau da ransa, ya tsallake rijiyoyi da yawa. Sau da yawa kuma a cikin aljihunsa akwai faya-fayen Mamman Shata da Ɗan Maraya Jos da E.T. Mensah, wani gidan ma har da na karatun Alƙur'ani na Shaihu Mahmud Khalil al-Husari, wanda aka naɗi saukarsa cikakkiya a Masar a 1961. Duk Musulmin da ya taɓa ganin irin wannan faifai a kan juji ya san abin da muke nufi.

To mene ne bolum ɗin nan da ake tsoro? Idan aka cire hular da ake murɗawa aka leƙa bayan allon rediyo, za a ga wani ɗan gwangwani mai faɗin murfin kwalba ko ya ɗan fi, da sanda a tsakiyarsa da ƙafafu uku a gefe. A ciki akwai wani siririn zobe wanda bai haɗe ba, an shafe shi da baƙin gawayi irin na bakin fensir. Sauti yana shiga ta ƙafar farko, ƙafa ta uku tana haɗe da jikin ƙarfen rediyo, ta tsakiya kuwa tana haɗe da wani ɗan harshen ƙarfe da ke shafar zoben idan an murɗa sanda. Idan harshen ya matsa kusa da inda sauti ke shiga, sai ya ɗebi da yawa ya miƙa wa kwalaben da ke ƙara ƙarfin murya, wato bawul. Idan ya koma ɗaya ƙarshen, sai murya ta mutu. Shi ke nan. Babu aljani a ciki, babu wani abu da ya fi ƙarfin mai hankali. A rediyo da yawa akwai makunnin wuta manne a bayan gwangwanin, shi ne ke yin ƙas idan an kunna.

Abu uku ne ke sa shi tari. Na farko datti: ƙurar hunturu da hayaƙin murhu da tsohon man da aka shafa wa sanda tun a masana'anta, su haɗu su zama danƙo tsakanin harshe da zobe. Na biyu zaizaya. Dattijon da ya shekara talatin yana ajiye bolum a wuri ɗaya domin jin labaran safe, a daidai nan gawayin zai cinye, shi ya sa za ka ji murya tana ɗaukewa a wuri guda tak, da an wuce sai ta dawo. Na uku shi ne wanda yaran shago ba su sani ba, kuma shi ne mafi haɗari. A kusa da bolum akwai wasu 'yan kondensa waɗanda aikinsu shi ne su bar sauti ya wuce su tare wutar da ba a so. Na zamanin da, da takarda da kakin zuma aka yi su, kuma bayan shekara sittin a zafinmu da damshin damina sukan fara yoyo. Da wutar ta zubo kan zoben gawayi, ko sabon bolum aka sa zai yi ƙara. Wanda bai san wannan ba zai wanke, ya sake wankewa, ya canza, ƙarar na nan, daga nan sai ya yanke hukunci cewa rediyo ya mutu. Alhali kondensar da ba ta kai kuɗin kwanon waake ba ce ke neman canji. Kuma 'yar'uwarta da ke gaba, wadda ke miƙa sauti ga babban bawul na ƙarshe, irin su EL84, idan ita ma tana yoyo aka ƙyale ta, bawul ɗin zai yi ta jan wuta yana zafi har ya ƙona taransifomar lasifika. A nan ne ƙaramin ciwo ke zama babba, domin wannan taransifoma ba a samun ta a tebur.

Mai sayen tsofaffin kaya zai iya gane abubuwa da yawa da kunnensa kawai. Idan ƙarar na zuwa ne lokacin murɗawa kaɗai, ciwon na cikin bolum ko kondensar da ke kusa da shi. Idan murya ta ƙi raguwa ko an mai da shi ƙarshe, yawanci ƙafar da ke haɗe da jikin ƙarfe ce ta saki, aikin ɗigon dalma ɗaya. Idan rediyo na magana garau amma garmaho ne ke raɗa, bolum ba shi da laifi, kan allura ne ya gaji, domin irin na da ba ya jure zafi da damshi. Idan kuma sai an danna maɓallan nan masu kama da haƙora an jijjiga kafin murya ta fito, su ne ke son wanki.

Sai dai a nan dole mu ja kunne da babbar murya. Rediyo mai bawul ba rediyon batir ba ne. A cikinsa akwai wuta mai ƙarfin bolt 250 zuwa 300, kuma manyan kondensa na iya riƙe ta ko bayan an zare waya daga bango. Akwai ma wasu ƙirar da ba su da babbar taransifoma, waɗanda jikin ƙarfensu na iya ɗaukar wutar gida kai tsaye, ta yadda taɓa sandar bolum da aka cire wa hula zai iya kai mutum lahira. Kada wanda bai koya ba ya sa hannu a ciki, kuma kada a bar yara kusa da akwatin da aka buɗe bayansa. Haka nan akwatin da ya shekara goma a kwance ba a jona shi a bango haka kawai don a ji ko yana yi. Masu gyara na ƙwarai sukan bi da wutar ta cikin ƙwan lantarki mai zare, na wat 60 ko 100. Idan ƙwan ya haska ya dushe, lafiya. Idan ya tsaya da haske sosai, akwai matsala a ciki, kuma ƙwan ya tare ɓarnar. Irin wannan ƙwai ya yi wuya a Gana tun da gwamnati ta raba miliyan shida na masu tsimin wuta a 2007, ta kuma hana shigo da masu zare a dokar 2008, saboda haka mai gyaran da ke da guda biyu a akwatinsa ya riƙe su da kyau. A kuma duba bayan rediyo a tabbata an saita shi a kan 220 ko 240, ba 110 ba, tunda wutarmu 230 ce.

Maganin da aka fi yi wa bolum a garin nan shi ne ke ƙarasa shi. Wani ya ɗiga kananzir, wani fetur, wani man birki, wani ma baƙin man inji. Fetur da man birki suna iya cin abin da ya riƙe gawayin a jikin zobe, mai kuma yana kiran ƙura ta zo ta kwanta. Za a sami shiru na 'yan kwanaki, daga nan sai abin ya lalace har abada. Abin da ya dace shi ne ruwan wankin kayan lantarki na gwangwani, irin su Servisol ko Kontakt, a fesa kaɗan ta kafar da ke kusa da ƙafafu, a murɗa sanda daga farko zuwa ƙarshe sau ashirin ko talatin, a bari ya bushe sarai kafin a ba shi wuta. Idan bai ji ba, mai haƙuri zai ɗaga 'yan kunnuwan da suka riƙe murfin gwangwani, ya goge zoben da auduga a hankali, ya ɗan lanƙwasa harshen ya koma kan gawayin da bai cinye ba. Tsofaffin masu gyara har fensir mai taushi sukan goga a inda ya zaizaye, dabara ce ta ɗan lokaci amma tana kai akwati wata damina. Sannan a sa mita, gara ma mai allura, a murɗa a hankali a ga ko allurar na tafiya sumul ko tana tsalle. Sai an bi duk wannan, an kuma canza kondensa masu yoyo, sannan a yi maganar sabon bolum.

A nan ne muka iso ƙofar shagonku. Ka zaga teburan kayan lantarki a kasuwar Aboabo ko babbar kasuwar Tamale, ko Bawku, ko Sankasi, abin da ya fi yawa shi ne ƙananan bolum masu lamba 10K da 50K da 100K, na rakoda da amfilifaya. Rediyo mai bawul kuwa 500K yake so ko 1M, wani ma ya fi haka. Idan aka sa masa na 10K, zai shanye sautin tun kafin ya isa bawul, murya ta fito siririya kamar ta mai mura, sai mai akwati ya ce an cuce shi, mai gyara ya ce akwatin ne ya tsufa. Bayan lamba akwai kuma iri. Kunnen ɗan Adam ba ya jin ƙarfin sauti daidai da yadda aka ƙara shi, sai an ninka ƙarfin kusan sau goma kafin ya ji kamar an ninka sau biyu. Don haka ake yin bolum na sauti da gawayin da ke hawa a hankali daga farko, ya yi sauri a ƙarshe. Idan aka sa ɗaya irin, mai hawa bai ɗaya, da an taɓa shi kaɗan sai ɗaki ya ɗauka, sauran murɗawar kuma ba ta ƙara komai. A kayan Japan da China harafin A ne alamar na sauti, B na bai ɗaya, amma a wasu tsofaffin kayan Turai abin a juye yake. Saboda haka kada a dogara da harafi. A ajiye sanda a tsakiya a auna: idan mita ta nuna rabi, ba shi ba ne, idan ta nuna wajen kashi ɗaya cikin goma a gefe guda, shi ne.

Mun san amsar da za ku ba mu, domin mun sha jin ta. Za ku ce ɗan kasuwa ba ya kwantar da jarinsa a kan kayan da sai an yi wata uku kafin a tambaya. Gaskiya ne, kuma ba mu ce kowa ya cika shago da su ba. Amma ku duba: bolum ɗari ba su cika gwangwanin madara babba ba, ba sa ruɓewa, ba sa tsufa a ajiye, kuma wanda ya zo nema ba ya taya su kamar tumatir, domin ya riga ya zaga gari bai samu ba. Har yau ana ƙera na 500K da 1M masu harafin sauti saboda masu jita da amfilifayarsu, haka ma bawul irin su EL84 da ECC83 ana yin sababbi a Sulobakiya da Rasha da China. Wanda ke sauka Zongo Lane a Accra, ko Alaba a Legas, ko Sabon Gari a Kano, ko mai aike Dubai da Guwanzu, babu abin da zai rage masa idan ya ƙara layi ɗaya a takardar saye, ya haɗa da katan ɗaya na ruwan wanki da ƙullin kondensa masu jure bolt 400 ko 630. Mutum ɗaya a Tamale, ɗaya a Bawku, ɗaya a Paga ya isa, muddin masu gyara sun san ƙofarsa. Ruwan wankin ma ba sai an jira mai tsohon akwati ba. Kowane masallaci na da amfilifaya, Ahuja ko TOA, kuma duk wanda ya taɓa farkawa da ƙarar ƙaras-ƙaras kafin kiran assalatu a watan Janairu ya san cewa ciwon ɗaya ne.

Akwai wata hanyar kuma da ba ta bukatar tsallaka iyaka. Manyan akwatunan Jamus irin su Grundig da Telefunken bolum ɗinsu na da ƙafa ta huɗu, wani har ta biyar, wadda ke ƙara kaurin murya idan an rage sauti. Ita ce sirrin muryar nan mai cika ɗaki ko da dare ya yi an sassauta. Sabo mai ƙafa uku zai yi aiki, amma wannan daɗin ya tafi. Irin wannan bolum sai dai daga jikin wani akwatin da ya mutu da gaske. To me zai hana mai tebur ya yi magana da yaran kwandam, cewa duk akwatin da ya faɗo hannunsu su kawo a cire bolum da huluna da bawul da kan allura kafin su sa guduma? A sikeli waɗannan ba su da nauyin komai. A hannun mai nema kuwa kuɗi ne. Yaro ya ƙaru, mai tebur ya ƙaru, akwati ɗaya da ya mutu ya tayar da uku.

Ba za mu ɓoye gaskiyar masu cewa zamani ya wuce ba. Akwatin nan na shan wutar da ta kai wat 50 zuwa 80, alhali wayar hannu na kawo labarai da ɗan cajin rana. Wasu ba su da FM sam, wasu kuma nasu ya tsaya a 100, tashoshin da ke sama da nan ba za su shigo ba. Wanda gara ta cinye katakonsa, beraye suka yi gida a lasifikarsa, babbar taransifoma ta ƙone, wannan a cire abin amfani a sallame shi. Ba mu ce a tayar da kowace gawa ba. Gajeren zango dai bai mutu ba, kuma masu bin hanyar Nijar da Burkina sun gani da idonsu: lokacin da Nijar ta dakatar da RFI a watan Agustan 2023 da BBC a Disamban 2024, Burkina Faso kuma ta dakatar da BBC da Muryar Amurka na mako biyu a Afrilun 2024, tashoshin FM na cikin gari ne aka rufe, abin da ke zuwa daga nesa ba ya tsayawa a shingen kwastan. Amma wannan ƙaramin rediyon aljihu ma zai yi maka shi. Abin da ƙaramin rediyo da waya ba za su yi ba shi ne juya faifai mai gudun 78 ko 45 ko 33 da kakanka ya bari. Akwai waƙoƙi da wa'azi a faya-fayen nan waɗanda ba lalle ne wani ya taɓa kwafe su ba, kuma ranar da na'urar ƙarshe mai juya su ta tafi sikeli, sun zama faranti kawai.

Mutanen Kudu sun riga mu farga. Farfesa John Collins ya kafa taskar Bokoor a Accra a 1990, Kwame Sarpong kuma ya buɗe gidan adana faya-fayen garmaho a Cape Coast a 1994. A nan Dungu muna zaune a gindin Jami'ar UDS, wadda aka kafa a 1992 domin ci-gaban Arewa, a cikin gari kuma ga Cibiyar Al'adu ta Ƙasa. Muna ganin da za su ware ɗaki guda da akwati biyu masu lafiya, su yi shela a gidajen rediyo cewa mai tsohon faifai na Hausa ko Dagbani ko Gonja ya kawo a kwafa a mai da masa abinsa, da an sha mamakin abin da zai fito daga ƙarƙashin gadaje.

Sai maganar amana, wadda ba ta da daɗin faɗi. Akwai masu sayar da tsofaffin kaya da suka san sarai cewa ɗigon kananzir na sa bolum shiru na kwana biyu, kuma kwana biyun nan sun isa a karɓi kuɗi mai saye ya tsallaka iyaka. Wannan algus ne, ba shi da wani suna, daidai yake da jiƙa masara kafin awo. Kasuwannin iyaka kuwa da suna ake cin su, labarin mutum na isa Po da Dapaong kafin motarsa. Akwai kuma sabon yayi na kwashe cikin akwati gaba ɗaya a zuba masa ɗan allon Bluetooth, a sayar da shi a matsayin na asali. Wanda ke son jin waƙar wayarsa ta tsohuwar lasifika ba sai an yanka akwati ba, domin akasarinsu na da kafar jona garmaho ko tef a baya, mai gyaran da ya san aikinsa zai bi ta nan ya bar komai a wurinsa, in ya tabbatar ƙirar ba mai ɗaukar wuta a jiki ba ce. Mai saye na ƙwarai, ko mai otal ne ko mai shirya fim ko baƙo daga waje, abin da zai fara yi shi ne ya leƙa baya. Da ya ga babu bawul, ciniki ya koma na katako.

Daga ƙarshe, masu gyaran kansu. Waɗanda suka koyi aikin bawul a hannun masta tun suna yara yanzu furfura ta cika musu kai, ido ya fara gajiya, yaran shagonsu kuma sun koma canza gilashin waya, domin can ne kuɗin yau yake. Ba za mu zarge su ba, tunda mu ne muka saba biyan mai gyara kuɗin abin da ya canza kawai, mu ƙi biyan sa kuɗin ganowa. Mutum ya yini yana bin waya ɗaya bayan ɗaya da mita har ya kamo kondensar da ke yoyo, sai a ce masa ai ɗan wannan abin ne kawai, nawa yake? Wannan ɗabi'a ce ke koya wa yaro cewa gara ya yanke tsohon bolum ya manna kowane iri ya karɓi kuɗinsa. A Faransa tun Janairun 2021 doka ta sa ana manna wa wasu kayan lantarki maki da ke nuna sauƙin gyaransu, Tarayyar Turai kuma ta zartar da dokar haƙƙin gyara a 2024, wato suna neman dawo da abin da mu muke da shi a Suame Magazine da kowane lungun zango muna wasa da shi.

Muna kira ga Jami'ar Fasaha ta Tamale da makarantar Dabokpa su gayyaci dattawan nan, ko sau ɗaya a zangon karatu, su buɗe bayan akwati a gaban ɗalibai su nuna musu inda ake taɓawa da inda ba a taɓawa. Ƙungiyoyin 'yan kasuwar kayan lantarki kuma su tara sunayen masu gyaran bawul da suka rage daga Tamale zuwa Bolga da Bawku, a manna a allon ofishinsu, domin wanda ya zo da tambaya a san inda za a tura shi. Mai akwati a gida kuwa, kafin Disamba ta zo, ya samo zane mai kauri ya lulluɓe shi, ya ɗaga shi daga ƙasa saboda gara, kuma ko ba a kunna ba ya riƙa murɗa bolum ɗin daga farko zuwa ƙarshe sau biyar ko shida duk Juma'a.